Kamar Ta Mutu

Zahur Mistiri yana nan da ransa har yau, in ka bi ta bayan tsohuwar kasuwar raƙuma a nan Bikaner da la'asar za ka gan shi a kan bencin mai shayi, dogo ne ya ɗan rankwafa, gemu jajir da lalle, in ka gaishe shi sai ya zuba wa bakinka ido tukuna ya amsa, ba raini ba ne, da ido yake jin magana yanzu. Mistiri ba sunan gidansu ba ne, haka muke ce wa bakanike, amma shi ya manne mishi har matarsa Bismilla da shi take kiransa tunda ba ta kama sunansa.

Ubansa mai kula da dawakin gidan sarautar Takur ne, babban gidan jan dutsen nan da ke kallon tafkin da ya ƙafe, to shi Zahur tun tasowarsa doki bai taɓa burge shi ba, abin da ke ƙarshen barga shi ya ɗauke mishi hankali, wato Morni. Morni mota ce. Kakan gidan ne ya sayo ta daga Ingila tun Turawa suna ƙasar, aka sauke ta daga jirgin ruwa aka ɗoro ta a jirgin ƙasa har nan, doguwa kamar ba za ta ƙare ba, launinta irin na wuyan ɗawisu shi ya sa aka sa mata sunan macen ɗawisu, rufinta na tamfol ne ana naɗe shi baya mutum ya zauna iska na kaɗa mishi jelar rawani, kujeru jar fata, gaban direba katako mai sheƙi da agoguna a jere. Fistin shida gare ta, kafireta biyu, kuma abin da aka san ta da shi ba gudu ba ne, shiru ne. Tana aiki kana tsaye kusa da ita kana jin kukan kurciya a kan katanga.

Wannan shirun kuwa ba da shi take kwana ba sai an nemo shi, kuma Zahur ne mai nemowa tun yana saurayi. Kafireta biyun nan kamar shanun huɗa suke, in ɗaya ta fi 'yar'uwarta ja sai inji ya dinga ɗingishi, to shi sai ya ɗauki guntun tiyo ya sa baki ɗaya a kunne ɗayan a bakin kafireta ya saurari yadda take shaƙar iska, ya koma ɗayar ya saurara, ya murɗa ɗan sukuru a hankali kamar mai tsoron tada jariri, ya sake saurara, haka haka har sai numfashin biyun ya zama ɗaya. In ya gama sai mai gidan, Takur Sahib, ya sauko da kofin shayinsa cike taf ya ɗora a kan banet ya naɗe hannu. In fuskar shayin ta yi ko ɗan yamutsi sai ya ɗauke kofinsa ya koma ciki ba ya cewa komai, wannan ya fi zagi ciwo. In ta kwanta lumui sai ya juya ya ce a kawo wa Mistiri nasa shayin. Iyakar yabon ke nan, kuma a kan wannan shayin Zahur ya ƙare kuruciyarsa. Masu tsofaffin motoci har daga Jodhpur suke aiko mishi, ana cewa ai kunnen Zahur ya fi na barewa.

Sai Takur Sahib ya rasu, gonaki sun riga sun tafi tun tuni, dawaki suka bi, ɓangare guda na gidan ya zube bayan wani ruwan sama aka bar shi a haka, saura tsohuwa matar marigayin a saman bene da ɗanta Kunwar Surajban da Morni. Shi Kunwar ɗin nan Zahur ne ya goya shi a wuya ya koya mishi sitiyari, yana ce mishi Banna kamar yadda ake ce wa 'ya'yan gidan sarauta, shi kuma yana ce wa Zahur Kaka, wato ƙanin uba. Ba mugu ba ne, mutum ne da gida ya faɗo wa a ka. Da abin ya yi abin sai ya fara ba da hayar Morni ana ɗaukar ango, Zahur a sitiyari da farin kaya da rawani da safar hannu, motar da aka yi don ta sha iskar hanya ta koma tafiyar hawainiya a bayan 'yan badujala, daga gidan ango zuwa gidan amarya tafiyar da yaro zai yi kafin tuwo ya huce sai a yi rabin yini ana yinta, a tsaya a yi rawa a ɗan matsa a sake tsayawa.

'Yan badujalar na Mangilal ne, abokin Zahur tun suna yara, gajere mai tumbi da jar riga mai igiyoyin zinariya da suka koɗe. Manyan ganguna a daidai hancin mota, kakaki dama da hagu, lasifika a kan amalanke, ga yara na fasa abin wuta kusan a ƙarƙashin taya, shekara da shekaru, duk lokacin biki ba hutu. Da farko in Zahur ya dawo gida kunnen na yi mishi ƙara kamar gyare ya shiga ciki, zuwa safe ya daina. Sai wata shekara bai daina ba. Sai wata safiya ya sa tiyo a kunne ya kai bakin kafireta bai ji komai ba, ya busa tiyon ko wani abu ya toshe, ya sauya kunne, ya sake, gyaren nan ne kawai. Ya tsaya riƙe da tiyo har rana ta shigo bargar ta taɓa ƙafarsa.

Bai faɗa wa kowa ba. Wa zai ba kurma motar ango, wa zai ba kurma inji? Magana in da ƙarfi ce kuma a kusa yana tsintar rabi, sauran rabin ya kwasa a leɓe, in ya rasa sai ya ce haka ne Hukum, wato ranka ya daɗe, ya gyaɗa kai. Ita kuma Morni sai ya yi mata wata dabara wadda shi kansa kunyarta yake ji, ya ƙara mata mai kaɗan a kafireta ɗaya da gangan don ta dinga ɗan rawar jiki, ɗan kaɗan dai yadda zai ji a tafin hannu ta sitiyari ya san tana raye. Tunda Takur Sahib ba ya nan ba mai ɗora kofi. To amma mai da yawa ga tafiyar hawainiya, sai fulogi su dinga yin baƙi, sai ta dinga shaƙewa. A biki ɗaya ta mutu a bakin kasuwa ya samu ta tashi da ƙyar. A na gaba ta mutu a ƙofar gidan amarya ƙiri-ƙiri, dangin amarya na dariya a kan soro, sai da abokan ango suka tura ta da kayan bikinsu.

Washegari Kunwar ya same shi a barga ya tsaya a gabansa sosai ya ce, "Kaka, na yi magana da wani a bakin tasha, yana da injin gas na jif, ya ce zai zauna a cikinta daram."

Zahur ya ce, "Injin me?"

"Na gas, Kaka."

"A cikin Morni?"

"Ango ba ya buɗe banet. Fenti yake haya da kujera."

"Banna, injin ban ruwa za ka sa wa motar kakanka? A ji ta tun daga ƙofar gari tana tafat-tafat kamar injin niƙa?"

"Injin niƙa ba ya mutuwa a ƙofar gidan amarya." Kunwar ya shafa fuska ya dubi rufin bargar inda haske ke shigowa ta ɓaraka. "Ita ke ciyar da gidan nan, ka fi ni sani, da ni da tsohuwa da kai. Akwai bikin ɗan wani mai yadudduka bayan sati biyu, manyan mutane ne, kowa zai gani. Ka yi mata duk abin da za ka yi. In ta kai shi lafiya na bar maganar. In ta sake mutuwa a hanya an cire, kuma kar ka zo min da hawaye don ni ma ina da nawa."

Zahur ya ce, "Hukum."

Da ya koma gida ya kasa cin abinci, Bismilla ta ajiye mishi gurasar gero da miyar wake ta zauna a gabansa ta ɗaga murya yadda ta saba. "Mistiri, ka faɗa mishi kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"In faɗa mishi me?"

"Abin da na faɗa maka sau uku yanzu ba ka ji ba."

"Ina jin ki sarai, tsohuwa, zaɓa nake."

"To zaɓi wannan, jikanka ya yi kuka jiya a kan cinyarka har ya shiɗe kana ta yi mishi murmushi."

Ya ɗauki asuwakin darbejiya da ke kan taga yana tauna don kar ya yi magana, sai gefen asuwakin ya taɓa jikin fankar ƙasa da ke juyawa kusa da shi, sai ya ji fankar. Ba a kunne ba, a cikin kai, ta haƙori ta hau muƙamuƙi, gurrr, har da wani ɗan ƙas-ƙas da take yi duk juyi. Ya cire ya mayar ya cire ya mayar, Bismilla na kallonsa tana cewa to shi ke nan kunne ya tafi hankali ma ya bi shi.

Da sassafe ya yanko reshen darbejiya busasshe mai tsawon kamu biyu ya fere shi ya tafi barga. Ya kwance fulogi shida ya wanke da fetur ya goge ya daidaita bakinsu, ya sauke kafireta biyun ya warware su a kan farin ƙyalle ya busa kowace 'yar ƙofa da bakinsa, ya saita bawul, ya wanke lagireto har ruwan ya fito fari, ya juye baƙin mai ya zuba sabo. Sannan ya tada ta ya ciji sandan da turamen haƙoransa na hagu don na daman sun zube, ya dafa ɗaya bakin a jikin inji ya rufe ido. Ga su nan. Fistin shida suna tafiya a cikin kansa ɗaya bayan ɗaya, ga na huɗu yana ɗan jan ƙafa, ga kafiretar baya tana haɗama. Rabonsa da jin muryarta ya manta, sai da ya cire sandan ya fita waje ya tsaya a rana kaɗan ya dawo.

Haka ya yi kwanaki a sunkuye, sanda a baki sukundireba a hannu miyau na zuba a gemu, dasashi ya kumbura, haƙori ɗaya ya fara girgiɗi, bai kula ba. Mangilal ya leƙo wata rana da kachori, soyayyar fulawar nan mai wake da yaji a ciki, a takarda ya same shi a haka ya kwashe da dariya har tumbi na rawa, shi ma kunnen nasa ba wani na kirki ba ne don haka hirarsu duk unguwa ake ji.

"Kai ɗan mai dawaki, yunwar ta kai ka cin mota?"

"Matsa min daga haske, tulu."

"Linzami ne ka sa wa kanka? Da ubanka ya gani da ya yi murna, ya ce yaron ya dawo sana'ar gida."

"Gangunanka ne suka cinye min kunne, mugu, kai da kakakin nan naku mai kukan jaki."

Mangilal ya daina dariya ya ajiye kachorin a kan benci. Wannan ne karo na farko da Zahur ya faɗa da bakinsa. Mangilal ya ce, "Na sani ai. Tun bikin da na ce maka rawaninka ya kama wuta ka ce min amin." Ya zauna ya ɓare takardar. "Nawa ma saura kaɗan. Ci, tun da zafi."

Ana jibi biki ya gama. Ya aika a kira Kunwar, Kunwar ya sauko ya tsaya ya saurara ya zagaya ta, sai ya koma ciki ba magana, Zahur ya ɗauka shi ke nan, can sai ga shi da tsohon kofin ubansa mai bakin zinariya cike da shayi, ya ɗora a kan banet ya naɗe hannu, wallahi har tsayuwar irin ta uban. Shayin ya kwanta kamar an daskarar da shi, har hoton ɓarakar rufi ana gani a ciki ba ya motsi. Kunwar ya juya baya ya faɗi wani abu, Zahur bai ga bakinsa ba don haka bai san me ya ce ba, amma jim kaɗan aka kawo mishi shayi daga cikin gida.

Sai da kowa ya tafi ya shiga ya zauna a mazaunin direba ya kama sitiyari, inji na aiki. Babu komai. Ba rawar jiki a hannu, ba a kujera, ba a tafin ƙafa, kamar yana zaune a kan dutse. Ya gyara ta har ya goge 'yar hanyar da ta rage tsakaninsa da ita. Ya ɗan taka totur ya ji ta amsa, ya saki ta ɓace. Ya yi tunanin ya mayar mata da ɗingishinta kaɗan, har ya ɗauki sukundireba, sai ya dubi kofin da Kunwar ya manta a kan benci ya ajiye. Ya ce ba komai, akwai allurar baƙin mai a cikin agogunan gaba, muddin inji na aiki tana tsaye, in ya mutu ta kwanta, ido zai yi aikin kunne.

Ranar biki tun hantsi masu fure suka zo suka lulluɓe Morni, furanni ruwan ɗorawa da jajaye an ɗinke su a raga kamar bargo tun daga hanci har baya, ƙofofi, bayan kujera, har katakon gaban direba da agogunan duka. Zahur ya sa hannu zai yaye na kan agogo sai kawun ango ya taso, wani ƙato mai zobba a kowane yatsa, irin attajiran da muke ce wa Set-ji, wanda shi ke ta ba da umarni tun safe.

"A'a a'a Mistiri-ji, me kake yi haka?"

"Agogo nake son gani, Set-ji."

"Sauri kake? Jirgi za ka kama? Bar shi, mai hoto ta nan zai ɗauka, ba na son a ga tsohon katako."

"Ɗan wuri kaɗan ne, na allurar mai."

"Mai kuma ai an cika tanki, ni na biya. Bar furen nan."

Ya bari. Da mutumin ya juya ya sa yatsa ya buɗa 'yar kafa a daidai allurar, amma ragar a ɗaure take tam, da ya saki sai furen ya koma ya rufe. Sandan darbejiyar yana cikin rigarsa a soke, sai dai ina direban ango zai ciji sanda a gaban jama'a da masu hoto.

Aka fito bayan la'asar, ango a baya da takobi a cinya da fure ya rufe mishi fuska, Mangilal a gaba yana juya sandarsa, ganguna suka ɗauka. Morni ta tafi kamar ruwa a kan tabarma. In suna tafiya ba damuwa, tana ja ya san tana nan. Tsayuwa ce masifa. Duk tsayuwa sai ya saci hannu ya buɗa furen ya leƙa allura ya saki, ko ya ɗan taɓa totur ya ji ta amsa, har ango ya dafa kafaɗarsa ya nuna mishi da hannu wai ya daina, hayaƙi na damun masu rawa a baya. Suka wuce kasuwa lafiya, suka wuce inda ta taɓa mutuwa lafiya, allura tsaye, ruwa bai tafasa ba, Mangilal ya waiwayo ya kashe mishi ido. Zahur har ya fara tunanin abin da zai ce wa Bismilla.

A bakin ƙofar gari aka yi doguwar tsayuwa don nan dangin amarya suka taro su, rawa ta ɓarke, ganguna suka matso har suna gogar fitilun mota, dukansu na shiga ƙirjinsa yana fita ta baya, ƙasa na rawa, sitiyari na rawa, amma rawar ganga ce ba tata ba, ya kasa rabewa. Mai hoto ya hau matakalar ƙofa ya saita shi da ango, ba halin taɓa fure. Sai ga kawun nan ya fito daga cikin rawa yana haƙi gumi sharkaf, ya jingina da banet don ya huta, ya ɗora tafin hannu a kai, sai ya tsaya, ya kara kunne, ya ɗago da mamaki yana murmushi, ya juya wajen wani ɗan'uwansa yana nuna motar ya ce, "Kai ka ji inji, kamar ta mutu." Yabo ne. Irin yabon da Zahur ya yi shekaru bai samu ba. Amma rabin maganar mutumin ya faɗe ta fuskarsa na can gefe, sai a ƙarshe ya juyo, abin da Zahur ya gani a leɓensa kalma biyu ne kawai, ta mutu, ga yatsa yana nuna banet.

Bai yi tunani ba, hannu ne ya riga shi, hannun da ya saba tun ranar ƙofar gidan amarya, ya kutsa ƙarƙashin fure ya danna maɓallin sitata ya riƙe.

Wannan kam ya ji. Ta ƙashin hannu ta hau har haƙorin nan mai girgiɗi, ƙarfe ya ci ƙarfe, ƙaramin ƙarfen sitata mai haƙora ya faɗa cikin haƙoran babban faifan bayan inji yana tsaka da juyawa, haƙoran da dama tsofaffi ne shi ya sha cike su da walda, suka kakkarye wani ya maƙale, motar ta yi wata irin zabura ango ya dafe takobi, sannan ta tsaya. Tun kafin ya cire yatsa ya gane, mataccen inji ba ya karya haƙori. Da ranta ya same ta. Ya yage furen da hannu biyu yanzu ba wanda ya hana shi, ya ga allurar tana sauka a hankali har ta kwanta.

Ya fito ya zaro ƙarfen tayarwa na hannu ya durƙusa a gabanta da fararen kayansa ya zura ya danna da duk ƙarfinsa, ko motsi, ta cije. Kawun na tsaye a kansa baki na buɗewa yana rufewa, zobba na walƙiya, Zahur bai ɗaga ido ya karanta ba. Mangilal ne ya ɗaga sanda ya sa yaransa suka ƙara wuta suka ja rawar gaba don idon mutane ya bar wajen, aka sauke ango aka sa shi a wata farar mota ta zamani, biki ya wuce ya bar su a bakin ƙofa da fure a ƙasa. Masu turin amalanke ne suka taimaka aka kai ta gida, shi yana tafe a gefe riƙe da sitiyari ta waje.

Da safe Kunwar ya same shi zaune a matakalar motar bai ko cire rawanin jiya ba. Zahur ya miƙe ya ce, "Banna, injin lafiyarsa ƙalau, ba shi ya mutu ba, ni na kashe shi. Faifan ne kawai, in aka samu mai lanƙwasa ƙarfe a Jodhpur zan iya…" sai ya tsaya don ya ga fuskar yaron.

Kunwar ya matso daf ya tsaya inda haske ke kan bakinsa ya yi magana a hankali kalma kalma. "Na sani, Kaka. Kawun angon ya faɗa wa kowa, wai bai taɓa jin inji mai shiru irin wannan ba. Shirun ne matsalar. In ka gyara gobe ma haka za ta yi shiru, kai kuma ba za ka ji ta ba."

Zahur ya buɗe baki.

"Kowa ya sani, Kaka. Tsohuwata ce ta fara ganewa, ita ta ce duk mai yi maka magana ya tsaya a gabanka. Ba ka lura ba?"

Bai lura ba. Sai yanzu ya tuna mai shayi, da mai gadi, da yaran unguwa, kowa sai ya zagayo gabansa, shi yana ganin girmamawa ce.

"Ko in kawo wani direba mai kunne in bar injin, ko in bar ka in sauya injin. Ɗaya zan iya." Kunwar ya dubi ƙasa ya sake ɗagowa don ya tuna sai an ga bakinsa. "Na zaɓa. Kar ka tambaye ni."

Abu ɗaya Zahur ya roƙa, kar mutanen bakin tasha su taɓa tsohon injin, shi zai sauke da hannunsa. Ya sauke kuwa, shi da Mangilal da sarƙa da aka rataya a gungumen rufi, suka ɗora shi a kan katakai a ɗakin da dokin Takur Sahib na ƙarshe ya mutu, ya toshe bakin kafireta biyun da tsumma ya lulluɓe shi da tsohon bargon doki. Haƙorinsa mai girgiɗin nan ma a satin ya fita, Bismilla ta ce ya jefa a rijiya ya ƙi, yana cikin gwangwanin sukurori.

Morni tana nan tana ɗaukar angwaye, ta ma fi da samun haya don ba ta taɓa mutuwa, kana jin ta tun daga ƙofar gari tafat-tafat, baƙin hayaƙi na bin masu rawa, fure na zubewa daga banet saboda girgiza. Zahur ne a sitiyari har bara da idonsa ya fara hazo. Ya ce wa Mangilal wannan kam ko gawa ce a kujerar za ta san yana aiki, har kafaɗa yake jin sa, in ya dawo gida hannunsa sai ya yi ta rawa shi kaɗai ya kasa riƙe kofi.

Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci yana biyawa ta barga ya yaye bargon, ya kwance fulogi ya ɗiga baƙin mai a kowane rami ya juya injin da hannu don kar ya cije, ya mayar. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi. Wata Juma'ar Mangilal ya bi shi da shayi biyu, Zahur ya rasa inda zai ajiye nasa sai ya ɗora a kan injin, su biyun suka tsaya suna kallon kofin, shayin ya kwanta lumui ko yamutsi babu. Mangilal ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba sai ya fasa, ya juya fuska gefe ya faɗi wani abu a can inda Zahur ba zai gani ba. Zahur bai tambaye shi ba, ya ɗauki kofin ya shanye ya ja bargo ya rufe.